Na gaji da waƙar soyayya, ku ba ni shawara

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin a yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya ko runtsawa ban yi ba. Mafi yawanku kun san ni, wanda bai sani ba ni ne mai waƙar nan da ake sawa wajen kamu da dina yau shekara uku, ba sai na kama sunanta ba. Shekarata tara ina waƙa. Na fara ne a wani ɗan studiyo bayan tsohuwar kasuwa nan Sakkwato, kwamfuta ɗaya da fiyano guda da rabin maɓallanta sun mutu, in aka ɗauke wuta mu fito waje muna fifita da kwali cikin zafin Afrilun nan da kuka sani. Alhamdu lillahi yanzu na sayi mashin, na yi wa Inna rufin kwano, ƙannena biyu ni ke biya musu makaranta, duk da kuɗin waƙa. To amma wallahi in na kunna waƙata a waya ba na jin ni ne. Ranar da na je Kano yin waƙoƙina na farko, mai haɗa kiɗan ya ji baiti biyu ya tsayar ya ce ɗan'uwa wannan munka da sunka ɗin naka cire su, ba za su shiga kasuwa ba, 'yan mata dariya za su yi maka. Na cire. Ya ƙara min abin nan da ke sa murya ta yi siriri kamar ta yarinya, na yarda. Tun ranar duk waƙar da na yi da bakin Kano na yi ta, karin kuma in za a faɗi gaskiya na finafinan Indiya ne da muka taso muna kallo. Waƙa arba'in da wani abu, duk zuciya, hawaye, kewa, ki dawo, kar ki tafi. A cikinsu ɗaya tak ce gaskiya, ita ce ta yi suna, ita ce kuma yau ta zame min ciwo, zan faɗi dalili in an jima. Ga shi makon jiya wani babba cikin 'yan siyasa ya aiko yaronsa wai in yi masa waƙa, kuɗin da aka ambata ban taɓa riƙe irinsu ba. A daidai wannan lokacin zauren gidanmu cike yake da dangin Inna da suka gudo daga ƙauyensu wajen Sabon Birni, damina biyu ke nan ba su sa fartanya a gona ba, ni kuma ina nan ina rera ki dawo masoyiya. Shi ne nake tunanin in ajiye waƙar soyayya gaba ɗaya, ko ma in ajiye waƙar in koma shagon waya na yayana. Ku ba ni shawara tsakani da Allah, ko zagi ne na ɗauka.

Admin Kanwuri: Wa alaikumus salam. An ba da dama. Ban da zagin iyaye, ban da kama sunan ɗan siyasa, wanda duk yas saɓa ni da shi na.

Ɗan Gobir: To ni abin da nig gani tun hwarko, kai da kac ce ka gaji da bakin aro, duba rubutun ga naka. Tun daga sallama har ƙarshe babu munka ko guda, sai wadda kac ce an hana ka. Ko kukan da kaka yi da Kananci kaka yin shi 😂

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Wallahi sai da ka faɗa na lura. Ka ga irin abin da nake faɗa ke nan.

Bakano a Arkilla: Ni fa kullum sai an jawo Kano a gidan nan. Shekarata goma sha ɗaya a Sakkwato ina kasuwanci, ina son garin nan, amma a faɗi gaskiya mai studiyon can bai cuce shi ba. Hausar da ake rubutawa a littafi, ake karanta labarai da ita, a kan karin Kano aka gina ta, tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya 1939, ba mu muka ce a yi hakan ba. Kasuwar fim da waƙa kuma a Kano take. Wanda zai sayar da goro ai inda masu ci suke yake kaiwa. Da ya ƙi cirewa da yanzu yana nan bayan tsohuwar kasuwa yana fifita da kwalinsa.

Ɗan Gobir: Bakano ka yi haƙuri, magana tai taka ba ta zamna ba. Narambaɗa mutumin Tubali na, da kotso nai da bakin gida yay yi ma Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, bai canza harahi guda ba don Bakano shi gane. Yau jami'o'i digiri aka yi bisa waƙoƙinai, ku Kanawa ku ka bin malamai kuna tambayar mi kalma kaza ka nuhi. Ɗanƙwairo hakanan har yar rasu 1991. Salihu Jankiɗi da taushi nai hwadar Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ɗan Anace hwa? Ko yau ka kunna waƙar Shago tashar mota cikin Kano ka gani in ba a tsaya ba. Dut waɗanga tsohuwar jihar Sakkwato ta, kahin a yanke Kabi 1991 a yanke Zamfara 1996. Mu munka koya ma ƙasar Hausa waƙa, yanzu ɗiyanmu su ka jin kunyar bakinsu.

Bakano a Arkilla: Wannan zamanin rediyo kake ba mu labari. Lokacin Rediyon Kaduna kaɗai in ta sa waƙa ta shiga har Yamai har Kumasi, ko kana so ko ba ka so za ka ji, har ka saba. Yanzu yarinya ce a TikTok, daƙiƙa goma sha biyar, in ba ta gane kalmar farko ba ta wuce.

Ɗan Kabu-kabu: Ku dai ku bar maganar yare, ni maganar kuɗin ɗan siyasa ta tsaya min. Mutumina karɓi abinka. Ko ka yi ko ba ka yi ba wani zai yi, kuma kuɗin namu ne dama. Ka karɓa ka sai wa 'yan gudun hijirar gidanku gero buhu goma, wace waƙa ce za ta cika musu ciki

Ustaz na Mabera: Ɗan'uwa ni murna nake taya ka, wannan damuwar da ka ji Allah ne ya so ka da rahama. Ba zan ɓoye maka ba, abin da ake yi a wuraren dina da kamu yanzu, maza da mata a cakuɗe ana rawa ana liƙi ana ɗauka a waya, da muryarka ake yi, kana da kamasho a ciki ko ba ka je wurin ba. Muna garin Shehu, kuma cakuɗuwar maza da mata wajen kaɗe-kaɗe na cikin abubuwan da Mujaddadi ya yi wa'azi a kansu tun kafin 1804. Ka dubi Gambo mai waƙar ɓarayi, wa ya kai shi fasaha da iya magana, amma daga baya ya fito ya ce ya tuba. Shagon yayanka ya fi maka albarka ko da ribar naira ɗari biyar ce a yini.

Ɗalibar Ɗanfodiyo: Allah gafarta Malam, ba gardama nake ba, ƙarin bayani nake nema. Gidan Shehun da aka ambata ai gidan waƙa ne. Shi kansa ya yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci, Nana Asma'u kuma da ta rayu 1793 zuwa 1864 da waƙa ta karantar da matan ƙauye, jagororin mata da ake kira jaji suna zuwa su haddace su koma su koya wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, da Hausa da Fulatanci. Kuma ba wa'azi kaɗai ta yi ba, ta yi marsiyyar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello da ya rasu 1837, ta yi ta mijinta Waziri Giɗaɗo. Mace ta zauna ta tsara baitoci a kan rashin mijinta, in ba so ba ne wannan mene ne? Ni abin da na fahimta ba son ne matsala ba.

Ustaz na Mabera: Malama kin yi magana mai kyau kuma ban musa ba. Amma Nana ba ta sa fiyano ba, ba a yi rawa da marsiyyarta a holi ba, kuma mijinta na sunna ta yi wa. Kar mu haɗa zuma da maɗi.

Ɗalibar Ɗanfodiyo: Na yarda da bambancin Malam. Sai dai shawarar a ce ya rufe baki ya koma sayar da caja ce ban gamsu da ita ba, a garin da aka yi jihadi da alƙalami da baiti.

Hajiyar Gawon Nama: Ɗana ni abincin buki nika yi shekara ashirin, babu holin da ban shiga ba garin ga, kuma waƙag ga taka na ji ta ta hi sau dubu har na hardace ta ban so ba. In ta taso amare kuka suka yi, har uwayensu. To ni ban ga laihin mutum shi yi waƙar so ba, mu da munka tashi ana gaɗa dandali mi muka rerawa in ba so ba? Amma kac ce guda ta gaskiya kuma ita ta zame ma ciwo, kag gilma awa ba ka hwaɗi komi ba. Dawo nan ka hwaɗa muna. Dut sauran maganganun ga ina jin ganye na, nan tushen yake.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Hajiya kin kama ni. To shi ke nan. Yarinyar unguwarmu ce, shekara huɗu muna tare kowa ya sani. Da aka zo maganar aure mahaifinta ya ce shi ba zai ba maroƙi 'yarsa ba, kawuna ya je har sau biyu ya ce yaron nan ba roƙo yake ba studiyo yake shiga, ya ce duk kanwar ja ce. Aka ba wani. Daren ɗaurin auren na rubuta waƙar a bayan kwalin magani, ban canza ko kalma ba. Ban faɗi sunanta ba. Amma na faɗi wushiryarta, na faɗi dogon yaron ƙofar gidansu, na kuma sa sunan da nake kiranta da shi wanda duk ƙawayenta sun sani. A lokacin wallahi ban yi tunanin za ta wuce wayoyin abokaina ba. Jiya bayan la'asar ƙanwarta ta same ni a shagon yaya ta ce Anti ta ce in gaya maka don girman Allah ka rufa mata asiri. Wai duk ranar da suka sami saɓani da abokiyar zamanta sai ta kunna waƙar a tsakar gida ta ƙure murya. Dangin miji ta mawaƙi suke ce mata. Akwai bikin da aka sa waƙar ta tashi ta fita waje, a kan wannan sai da ta yi sati biyu a gidansu kafin a yi biko. 'Ya'yanta biyu yanzu. Ni ban san duk wannan ba sai jiya.

Maman 'Yan Biyu: Inna lillahi. To malam mawaƙi tun ɗazu kana ta kawo mana maganar al'umma da 'yan gudun hijira da bakin Kano, ashe ga mace guda ka rataya mata dutse a wuya shekara uku kana karɓar liƙi a kai. Kai da ka rasa ta ka samu mashin da rufin kwano da suna, ita da ba ta yi waƙa ba ba ta ce a yi ba ita ke biyan kuɗin a gidan miji kullum. Ba ita ta ƙi ka ba fa, babanta ne, me ya sa ba ka yi wa baban waƙa ba ka faɗi gemunsa da ƙofar shagonsa? Saboda ka san shi zai iya kai ka gaban alƙali, ita ba za ta iya ba. Kuma kar ka ce min ba ka sani ba, a Sakkwato kake, garin da in ka yi atishawa a Minanata za a ce maka yarhamukallahu a Gidan Igwai, ka faɗi wushirya ka faɗi bishiya ka ce ba ka faɗi suna ba. Ku maza haka kuke, ciwonku fasaha ne, namu kuma abin hira.

Ɗan Kabu-kabu: Haba Maman 'Yan Biyu a sassauta, mutum ya zo da kansa ya faɗa. Laifin tsohon ne da ya raba su, waƙa sana'a ce kamar kowace

Maman 'Yan Biyu: Tsohon ya yi nasa, Allah zai tambaye shi. Wannan kuma nasa ne shi kaɗai.

Hajiyar Gawon Nama: Ɗiyata ta hwaɗi gaskiya ko da da zahi. Ni kaina yanzu jikina ya yi sanyi, sau nawa nika tsaye bakin tukunya ina bin waƙag ga ban san akwai mai kuka da ita ba.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Anti ban da abin cewa. Na karanta sau uku. Maganar baban da kika yi ita ta fi shiga ta, don gaskiya ne na taɓa rubuta masa baiti na yage saboda tsoro.

Mai Studiyo Dandima: Ni bari in yi maganar aiki tunda sana'ata ce. Sauke waƙa ba kamar yadda kuke zato ba ne. Zai iya goge ta a shafinsa na YouTube da Audiomack yau ɗin nan, minti biyu ne. Amma wasu sun riga sun sake ɗorawa a nasu shafukan, tana cikin memori na duk masu turi daga sabuwar kasuwa har Illela har Ƙonni, tana cikin kwamfutar kowane DJ, 'yan TikTok sun yanka amshin sun yi bidiyo ba iyaka. Waƙa in ta fita ta fita, kamar hayaƙi ce. Abin da zai iya shi ne ya daina rera ta a biki ko nawa aka ba shi, ya bi manyan DJ na gari ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su, mu nan mun san juna ba mu da yawa. Kuma ku sani ita ce ke kawo masa gayyata, kuɗin mawaƙinmu ba a intanet yake ba a biki yake, in ya ajiye ta rabin cinikinsa ya tafi. Ina faɗa ne don kar gobe a ce ba a gaya masa ba.

Malam Mai Ritaya, Runjin Sambo: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, jikata ce ke taya ni bugawa don idon ya yi rauni. Shekara talatin da biyu na koyar da Hausa a sakandare. Ɗana, abu biyu zan ce maka, na ukun in na tuna.

Na farko, masu kawo maka misalin su Narambaɗa su faɗa maka gaskiya duka. Mutanen nan ba waliyyai ba ne, makaɗan fada ne, doki da riga da kujerar Makka ake ba su, kuma sun wasa sarakuna sun kai su inda ba su kai ba. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna waƙa, Shata da ya rasu 1999 ya yi wa masu mulki da masu kuɗi ba adadi. Saboda haka waƙar ɗan siyasa ba yau aka fara ba, ba kuma zan ce maka haramun ce ba, wannan fagen su Ustaz ne. Bambancin da na gani shi ne makaɗin fada yana gida ɗaya shekara talatin, ya san sarkin ya san kakansa, in ya yabe shi da adalci to ya ɗaura masa nauyin ya yi adalcin, in an kauce kuma akwai habaici akwai zambo, fada duka ta gane da wa ake. Kai kuwa yaron zai kawo maka takarda an rubuta ayyukan da za ka lissafa, rijiyar da ba ka gani ba, asibitin da ba ka shiga ba, bayan zaɓe ko lambarka ba za su ɗauka ba. In za ka yi, ka ce sai abin da idonka ya gani za ka faɗa. In sun yarda ka yi, ina kyautata zaton ba za su yarda ba.

Na biyu, zancen maroƙi da mahaifin yarinyar ya yi. Kar ka ɗauka kai kaɗai ne. Al'ummarmu tana son waƙa tana ƙin mawaƙi, za a yi maka liƙi a ba ka kujerar gaba amma ba a ba ka 'ya. Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa ya zaga duniya, ya yi wa karen mota waƙa lokacin da ba mai kallonsa a matsayin mutum, da ya rasu 2015 manya suka yi ta ta'aziyya, amma ka tambayi iyaye nawa za su so ɗansu ya ɗauki kuntigi. Wannan raini shi ya sa ka karɓi maganar mai studiyon Kano da sauri, don dama kana neman rigar da za ta ɓoye ka. Ni haka na karanta ka, in na yi kuskure ka yafe wa tsoho.

Na ukun ya tafi. In ya dawo zan rubuto.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Baba Allah ya ƙara girma, ba ka yi kuskure ba. Ko sunan da nake amfani da shi a waƙa ba wanda Inna ta san ni da shi ba ne.

Ɗan Gobir: Baba Malam ya gama magana. Amma ni ina son a koma ga mutanen zauren gidansu, don nau dangi ma suna nan Sakkwato warwatse, wasu kangon mutane suka kwana. Tun harin kasuwar Goronyo Oktoba 2021 da motar da anka ƙone da mutane ciki Disamba wannan shekara, mi mawaƙanmu na zamani sunka ce? Kuma abin haushi har waƙar yabon ɗan bindiga ta yi yawo wayoyi, yara na bin amshi. Ashe su sun san amfanin waƙa mu ba mu sani ba. Ustaz ya kawo Gambo, to ai Gambo hujja ta gare ni ba gare shi ba, in waƙa na iya ƙara ma ɓarawo ƙarhin hali tana iya ƙara ma wanda anka zalunta.

Bakano a Arkilla: A nan kam ina tare da kai. Sai dai a tuna yaron nan a gari yake kwana ba shi da ɗan sanda a ƙofa. Mu da ke cewa ya yi, in abu ya faru sai dai mu rubuta Allah ya jiƙansa mu sa hotonsa.

Ɗalibar Ɗanfodiyo: Ba dole sai ya kama sunan kowa ba ai. Kuma don Allah kar ya yi mana irin waƙar nan ta mu zauna lafiya mu haɗa kai da ake yi in an samu kwangila, wadda ba ta taɓa kowa. Mutanen suna zauren gidanku, ka taɓa zama ka ji me suke faɗa da dare? Amma ka nemi izininsu wannan karon.

Maman 'Yan Biyu: Yawwa. Wannan karon a tambaya.

Ustaz na Mabera: Ni dai ina kan bakana game da kiɗa. Amma in ya cire wa baiwar Allah nan cutar da ya sa mata, ya nemi yafiyarta ta hannun muharraminta ba ya kira ta ba, to ya yi abin da ya fi komawa shago muhimmanci. Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Admin Kanwuri: An kira magariba, a tahi masallaci. In an dawo a ci gaba, yau ban rufe gida.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Na dawo. Na goge ta shafina duka biyun, na kira DJ huɗu, ukku sun ce to, guda yac ce shi amare ka tambaya tai ba ya iya hana su. Batun yahiya kawu za ni aikawa wajen yayanta. Bayan sallah kuma na zamna zaure wajen Gwaggo, ƙanwar kakata ta, mijinta ya rasu hanya lokacin da sunka gudo. Ban ce mata komi ba, ita taf fara, wai abin da ka hana ta kwana ba yunwa ba ta, rumbunsu na da yag gina da hannunai shekarar da anka kawo ta, ba ta san ko yana tsaye ba. Nic ce Gwaggo in sa wanga cikin waƙa? Tac ce sa, amma kak ka ce tsohuwa, ka ce amarya. Ga abin da yaz zo min, ko kari ban sa mai ba:

Rumbun da kag gina min yana nan ko ya hwaɗi
Na bar makulli ƙarƙashin turmi
In kun ga hayaƙi gabas da gulbi ku gaya min
Ko girki na, ko gari na

Hajiyar Gawon Nama: Wayyo Allah. To ɗana ai wagga ma waƙar so ta, kai da kac ce ka bari.

Ɗan Gobir: Sai yanzu nij ji ɗan Sakkwato 😂 Amma rumbu ba a yi mai makulli ƙauyenmu, gyara wanga kahin mutanen gabas su yi ma dariya. Tambayi Gwaggo mi ta bari.

Mai Studiyo Dandima: Ka zo gobe bayan isha'i in akwai wuta, ba zan sa maka abin siririn murya ba. Akwai wani dattijo mai kotso a Kware da nake ta neman dalilin kiransa. Amma ka sani wannan ba za a sa ta a dina ba, kar ka zo kana min kuka wata uku.

Ɗan Kabu-kabu: To maganar mai girma fa, ka ce a'a ne ko yaya? In ba ka so ka ba ni lambar yaron ni ma ina ɗan taɓa waƙa

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Ya kira sau huɗu ban ɗauka ba. Ban ce i ba ban ce a'a ba, kuɗin makarantar ƙannena wata mai kamawa na.

Maman 'Yan Biyu: Ina gidan bikin ƙanwar mijina yanzu haka a Tudun Wada, wallahi ita DJ ya sa. Bari in je in same shi.